Me ya sa siginar babur ke ƙiftawa da sauri bayan an sa ƙwan LED?

Babur, wanda muke kira moto, ya zama jakin zamani a garuruwanmu da ƙauyukanmu. Shi ke kai manomi gona da asuba. Shi ke ɗauko albasa daga garka zuwa kasuwa. Shi ke kai mai ciki likita cikin dare, lokacin da babu mota. Ɗan kabu-kabu kuwa da shi yake ciyar da iyalinsa. Saboda haka lafiyar babur tana tare da lafiyar mai shi.

A shekarun nan mutane da yawa suna cire tsofaffin ƙwayayen fitila, suna sa sababbi waɗanda ake kira LED. Suna da haske, ba su cin wuta da yawa, kuma suna daɗewa. Amma sau da yawa, da zarar an sa su a sigina, sai a ga tana ƙiftawa da sauri fiye da yadda aka saba. Wani ya ce batir ne ya mutu. Wani ya ce ƙwan jabu ne. Wani kuma ya ce ba komai, tunda dai tana kamawa. A wannan shafi za mu bayyana dalilin abin, da hanyoyin gyara shi, da kuma aikin da ya rage a kanmu bayan an gama gyara.

Mene ne amfanin sigina?

Sigina ita ce bakin mai babur a bisa hanya. Da ita yake gaya wa na baya da na gaba cewa zai yi kwana dama ko hagu. Mai babur ba shi da ƙarfe da ya kewaye shi kamar mai mota. Idan direban babbar mota bai gane nufinsa ba, jikinsa ne zai ɗauki bugu. Duk wanda ya saba fitowa daga hanyar ƙauye ya hau babbar kwalta da ta taso daga Yamai ta bi ta Doso da Birnin Ƙonni da Maraɗi zuwa Damagaram ya san haka.

Hukumar Lafiya ta Duniya, wadda ake kira OMS, ta ƙiyasta cewa a shekarar 2021 mutum miliyan 1 da dubu 190 suka rasu a haɗarin hanya a duniya. Idan aka auna da yawan jama'a, Afirka ce ta fi ko'ina yawan wannan rashi. Ke nan maganar fitilar babur magana ce ta kiwon lafiya.

Saurin sigina yana da ƙa'ida. Yarjejeniyar ƙasashe kan zirga-zirgar hanya, wadda aka sa wa hannu a birnin Viyana a shekarar 1968, ta ce sigina ta ƙifta sau 90 a minti ɗaya. An yarda ta ragu zuwa 60, ko ta ƙaru zuwa 120. An tsayar da wannan iyaka ne domin ido ya ga kamawa, ya ga mutuwa, ya rarrabe su. Idan saurin ya wuce haka, musamman da tsakar rana ko cikin hazon hunturu, na nesa zai iya ɗaukar ta a matsayin fitila mai rawa saboda gargadar hanya.

Kowa zai iya auna tasa. Mu kunna sigina, mu duba agogo, mu ƙirga ƙiftawar cikin sakan 30. Idan mun samu tsakanin 30 da 60, lafiya lau. Idan ta haura 60, akwai gyara.

Bambancin tsohon ƙwai da sabo

A cikin tsohon ƙwai akwai wani siririn zaren ƙarfe. Wuta tana bi ta cikinsa, ya yi zafi ƙwarai har ya ba da haske. Mafi yawan wutar da yake sha tana tafiya ne a zafi, kaɗan ce take zama haske. Shi ya sa yake ƙona yatsa idan an taɓa shi. Kuma girgizar hanya tana tsinka zaren.

Ƙwan LED ba shi da zare. Ɗan ƙaramin ƙwaya ne da ke ba da haske kai tsaye idan wuta ta ratsa shi. An fara yin mai jan haske a Amurka a shekarar 1962. Daga baya wasu masana uku ƴan asalin Japan suka gano yadda ake yin mai shuɗin haske, wanda ya buɗe hanyar yin fari, har aka ba su kyautar Nobel a shekarar 2014. Irinsa ne ke cikin tocilan da fitilun hasken rana da muke amfani da su a gida.

Akwai kalmomi uku da ake rubutawa a jikin kayan lantarki. Ya kamata mu san su, domin mu iya karantawa da kanmu a shago.

Volt, ana rubuta shi V. Shi ne ƙarfin turin wuta. Yawancin baburan yanzu masu 12V ne.

Ampa, ana rubuta shi A. Shi ne yawan wutar da ke gudana cikin waya, kamar yawan ruwan da ke bi ta tiyo.

Wat, ana rubuta shi W. Shi ne cin wutar ƙwai.

Tsohon ƙwan sigina na ƙananan babura yakan zama mai 10W. Na manyan babura da motoci yakan zama mai 21W. Ƙwan LED na sigina kuwa yawanci bai wuce 1W zuwa 3W ba.

Mai gadin da ke ɓoye cikin babur

Ƙwai ba ya ƙiftawa don kansa. Akwai wani ɗan akwati, bai kai girman kwalin ashana biyu ba, wanda ke ba da wuta yana yankewa. Makanikai suna kiransa filasha ko rele. Yakan zauna ƙarƙashin wurin zama, ko kusa da batir, ko bayan babbar fitila. A wasu babura, idan an kunna sigina aka kasa kunne, za a ji shi yana ƙas-ƙas.

Wannan akwati yana da aiki na biyu, wanda mutane da yawa ba su sani ba. Yana lura da yawan wutar da ƙwayaye ke sha. Idan ƙwai ɗaya ya mutu, shan wuta ya ragu, sai ya ƙara sauri. Da gangan aka ƙera shi haka. Mai tuƙi ba ya ganin fitilarsa ta baya, saboda haka saurin shi ne saƙon da ke gaya masa cewa ƙwai ya mutu.

Bari mu ba da misali. A ce mutum yana da shanu biyu, ya sa yaro ya tsare kwamin ruwa. Ya gaya masa: idan ka ga ruwa bai ragu kamar kullum ba, ka yi kururuwa, domin saniya ɗaya ta ɓace. Wata rana sai mutumin ya sayar da shanun, ya sayo awaki biyu, bai gaya wa yaro ba. Awaki suka sha ruwa suka ƙoshi, amma kwami bai ragu sosai ba. Yaro ya fara kururuwa. Yaron bai yi laifi ba, awakin ma lafiyarsu ƙalau. Umurnin da aka ba shi ne bai dace da sababbin dabbobin ba.

Ga lissafin. Idan ana son sanin ampa, sai a raba wat da volt. A gefe ɗaya akwai ƙwai biyu, gaba da baya. Biyu masu 10W sun zama 20W. In an raba 20 da 12, an samu ampa 1 da ɗigo 7. Idan aka sa LED biyu masu 2W, sun zama 4W. In an raba 4 da 12, an samu kashi ɗaya cikin uku na ampa. Wato sabon shan wutar kashi ɗaya ne cikin biyar na tsohon. A wurin filasha, wannan ya fi mutuwar ƙwai ɗaya muni, dole ya yi kururuwa.

Akwai wani tsohon irin filasha mai aiki da zafi. A cikinsa akwai ɗan fallen ƙarfe da ke lanƙwasa idan ya yi zafi, ya miƙe idan ya huce. Wutar LED ba ta isa ta ɗumama shi. A babur mai irin wannan, sigina takan kama ta tsaya cak, ba ta ƙiftawa ko kaɗan. Alamar ce ta bambanta, amma cutar ɗaya ce, maganin ma ɗaya.

Kafin mu kashe kuɗi

Ba kowane sauri ne laifin LED ba. Mu fara duba abubuwa biyar.

1. Mu kunna hagu, mu zagaya mu ga gaba da baya. Mu kunna dama, mu yi haka. Idan akwai wanda bai kama ba, to filasha gaskiya ya faɗa.

2. Ƙwan LED yana da gaba da baya. Wuta hanya ɗaya take bi ta cikinsa. Idan sabon ƙwai ya ƙi kamawa, mu juya shi ko mu musanya wayoyinsa biyu kafin mu ce ya lalace.

3. Mu duba wayar da ake ɗaurewa a jikin ƙarfen babur, wadda makanikai ke kira mas. Tsatsa da ƙura da laka suna hana ta aiki. A kankare wurin har ƙarfe ya yi fari, a ɗaure da kyau.

4. Mu duba batir. Cikakken batir yana nuna wajen 12,6V idan inji na kashe. Idan inji na aiki, ya kamata ya nuna tsakanin 13,5V da 14,5V. Makanike mai na'urar awo zai gwada cikin minti ɗaya. Babur da ake tuƙawa da mataccen batir, ko babu batir sam, siginarsa ba za ta daidaita ba.

5. Mu karanta jikin ƙwan. Akwai tsofaffin babura masu 6V. Ƙwan 12V ba zai yi musu aiki yadda ya kamata ba.

Idan duk waɗannan lafiya suke, kuma saurin ya fara ne ranar da aka sa LED, to mun san inda matsalar take.

Magani na farko: canza filasha

Wannan shi ne mafi kyau ga yawancin baburanmu. Ana sayar da filasha da aka yi domin LED, wanda ba ya damuwa da yawan wutar da ake sha. Saurinsa ɗaya ne kullum. Wasu ma suna da ɗan noti da ake murɗawa a ƙara sauri ko a rage. Wannan daidai yake da canza wa yaron nan umurni.

Ga yadda ake yi.

1. A kashe babur, a zare makulli. A kwance wayar batir mai alamar ragi (-) tukuna.

2. A nemo tsohon filasha, a cire shi, a tafi da shi shago. Kada a dogara da kwatance.

3. A ƙirga ƙafafunsa. Akwai mai 2, akwai mai 3. A karanta haruffan da ke kusa da su. B ita ce wutar da ke zuwa daga batir. L ita ce mai tafiya wajen fitilu. E ita ce mas. A wasu ana rubuta lambobi: 49 a madadin B, 49a a madadin L, 31 a madadin E.

4. A sayi sabo mai 12V wanda aka rubuta LED a jikinsa, mai ƙafafu daidai da na tsohon. A kula ƙwarai, domin akwai masu kama ɗaya a ido amma an musanya wurin B da L.

5. A haɗa kowace waya da harafinta, a mai da batir, a gwada hagu da dama, a sake ƙirgawa da agogo.

Launin waya yana taimakawa. A baburan Honda, da waɗanda suka bi tsarinsu, waya mai ruwan goro ta siginar hagu ce, shuɗiya mai haske ta dama ce, tsanwa ita ce mas, mai ruwan toka kuma ita ce ke fitowa daga filasha. Sauran kamfanoni suna da nasu launi. Babur da ya sha hannun makanikai kuwa, sai an gwada kafin a yarda da launinsa.

A wasu manyan babura na zamani, filasha yana haɗe cikin kwamfutar babur, ba a cire shi shi kaɗai. Irin waɗannan sai a kai wa gwani.

Magani na biyu: ƙara rezistans

Rezistans wani ɗan ƙarfe ne mai waya biyu, wanda aikinsa shan wuta ya mai da ita zafi. Ana haɗa shi kusa da kowane ƙwan LED domin filasha ya ɗauka tsohon ƙwai yana nan. Wannan kamar a riƙa kwarar da ruwan kwami a ƙasa ne domin yaro ya yi shiru.

Ana auna rezistans da om. Idan tsohon ƙwai mai 10W ne, ana neman mai wajen om 15, wanda zai iya jure 25W. Idan mai 21W ne, ana amfani da mai om 6 zuwa 8, wanda zai iya jure 50W. Wayarsa ɗaya tana haɗuwa da wayar da ke kai wuta ga ƙwai, ɗayar tana haɗuwa da mas. Wato a gefen ƙwai yake tsayawa, ba a yanka hanyar ƙwai a sa shi a tsakiya. Idan aka sa shi a tsakiya, hasken ne kawai zai ragu, saurin yana nan.

Wannan hanya tana da illa biyu. Ta farko, batir zai ci gaba da ɗaukar nauyi irin na da, an yi asarar sauƙin da aka sayi LED dominsa. Ta biyu ita ce zafi. Rezistans yana yin zafin da zai ƙona hannu, ya narkar da roba. Dole a ɗaure shi da noti a jikin ƙarfen babur, inda iska ke ratsawa. A nisanta shi daga tiyon fetur da tanki da sauran wayoyi. Kada a naɗe shi cikin leda ko tsumma. Mu tuna irin kayan da muke ɗaurawa a baya: harawa, kara, buhunan roba, wani lokaci har jarkar fetur. Duk masu kama wuta ne.

Kowane mahaɗin waya a murɗe shi sosai, in da hali a yi masa dalma, sannan a rufe shi da salatif na lantarki. Idan fis ya ƙone, wanda wasu ke kira fizibil, a sa sabo mai lamba irin tasa. Kada a maye gurbinsa da guntun waya ko takardar kwalin taba. Shi ne ke mutuwa domin babur ya tsira daga gobara.

Magani na uku: komawa ga tsohon ƙwai

Idan babu filasha mai kyau a kasuwar kusa, babu abin kunya a mai da tsofaffin ƙwayaye har ranar da za a shiga birni. Sigina mai tsohon ƙwai da ke aiki daidai ta fi sabuwa mai ruɗa mutane. Saboda haka kada mu jefar da tsofaffin ranar da muka sa sababbi.

Idan duka huɗu suka kama tare

Wani lokaci, bayan an canza filasha, sai a kunna hagu a ga dama ma tana kamawa. Wannan ya fi sauri haɗari, domin na baya ba zai san inda za mu nufa ba. Yana faruwa ne a baburan da ke da ƴar fitilar tuni guda ɗaya tak a gaban mai tuƙi. An haɗa ta tsakanin wayar hagu da ta dama. Wuta kaɗan tana ɗigawa ta cikinta zuwa ɗaya gefen. Wannan ɗigon bai isa ya kunna tsohon ƙwai ba, amma ya isa ya kunna LED.

Ana gane haka cikin sauƙi: a zare ƴar fitilar tuni, a sake gwadawa. Idan abin ya daina, ita ce. Maganinsa diyod guda biyu, irin mai lamba 1N4007, wanda ake samu wurin masu gyaran rediyo. Diyod ƙofa ce da wuta ke shiga amma ba ta komowa. Ɗaya yana tasowa daga wayar hagu, ɗaya daga ta dama, su haɗu a ƙafa ɗaya ta fitilar tuni, da gefensu mai zobe yana fuskantar fitilar. Ɗayar ƙafar tata kuma a kai ta mas.

Kada a cire fitilar tuni a bar wurin haka nan. Siginar yawancin babura ba ta kashe kanta bayan kwana. Mutumin da ya manta da ita a kunne yana yi wa jama'a ƙarya bai sani ba. Yana nuna zai yi dama alhali miƙewa zai yi, sai wani ya fito masa a gaba.

Maganar launi

Launin sigina ruwan goro ne. Idan za mu sayi LED, mu sayi mai ruwan goro, ko da murfin fitilar ma ruwan goro ne, domin farin LED a bayan irin wannan murfi yakan fito a koɗe. Mu guji shuɗi da tsanwa da masu canza launi. Ja a baya alamar birki ce. Shuɗi mai walƙiya kuwa na motocin jami'an tsaro ne da na ɗaukar marasa lafiya. Kuma mu gwada sabon ƙwai cikin rana, daga nisan taki 30. Wanda ke ƙyalli cikin inuwar shago yana iya ɓacewa a hasken azahar. Araha ba ta ado.

Bayan gyara, gadi ya dawo kanmu

Wannan shi ne abin da muke so kowa ya riƙe. Duk hanyar da aka bi cikin biyun farko, an rufe bakin mai gadi ne. Sabon filasha ba ya ƙirga wuta. Rezistans kuma yana ci gaba da sha ko da ƙwan da ke kusa da shi ya mutu. Ke nan daga ranar da aka yi gyara, ƙwan baya zai iya mutuwa, ko wayarsa ta tsinke, babur bai faɗa mana ba. Mai tuƙi zai riƙa ganin ta gaba tana ƙiftawa daidai, ya ɗauka na baya sun gan shi, alhali duhu ne a bayansa. LED yana daɗewa, amma ruwan damina da ƙura da girgiza suna kashe shi, musamman mai araha.

Saboda haka mu mai da dubawa al'ada. Kowace safiya, kafin a ɗaura kaya, a kunna hagu a duba gaba da baya, a kunna dama a duba. A taka birki a ga ja ta kama. A goge ƙura daga murfin fitilu. Bayan an ɗaura kaya, a tabbata buhu ko zane ko babbar riga ba su rufe fitila ba. Duk wannan bai kai minti ɗaya ba, kuma yaro ma zai iya tsayawa a baya ya faɗa mana abin da ya gani. Idan sigina ta mutu ana cikin tafiya, a rage gudu, a miƙa hannu wajen da za a juya tun da sauran nisa, a waiwaya kafin a yi kwana. Hular kwano kuma ta kasance a ka, ta mai tuƙi da ta wanda aka ɗauko.

Muna roƙon waɗanda suka karanta wannan bayani su karanta wa maƙwabtansu masu babur, su kuma gwada ƙirgar sakan 30 tare. Allah ya kiyaye hanya, ya kai kowa gida lafiya.